Wankin Ciki da Tukunyar Hajiya

Duk wanda ya tsaya jiran mota a Zongo Junction ta Madina cikin makon da ya biyo bayan Babbar Sallah zai gane kasuwar da ke ci. Layya ta wuce, an ci soye, an ci kai da ƙafa, an sha lemon kwalba har ciki ya koka, sai ga masu magani sun fito kamar an yi musu shela. Wani ya ɗora lasifika a kan mota. Wani ya shigo trotro da jakarsa ya tsaya kusa da direba, ya yi gaisuwa da Twi, ya maimaita da Turanci, in ya hango hula ko mayafi ya ƙara da Hausa. Kwalba ɗaya ce a hannunsa, amma ayyukanta sun fi goma: tana wanke jini, tana wanke hanta, tana narkar da kitse, tana korar basir, har zaman aure tana gyarawa. Wanda bai hau trotro ba kuwa, talla za ta same shi har kan gadonsa, domin ƙanwarsa ko matar abokinsa ta sa hoton wani shayi a WhatsApp, da alkawarin cewa cikin kwana bakwai tumbi zai koma, fata ta yi sheƙi.

Sunan abin a yanzu ditoks. Kalmar ta shigo mana ta waya daga Turai da Amurka, amma ta tarar da gurbinta a shirye, domin wankin ciki tsohon abu ne a wurinmu. Kakanninmu da suka biyo hanyar fataucin goro daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, suka zauna a Salaga, daga baya zuriyarsu ta gangaro Kumasi da Accra, wadda har gobe Ankara muke ce mata, sun zo da fahimtarsu ta jiki. A wurinsu zaƙi yana taruwa, maiƙo yana taruwa, in sun yi yawa sai a nemi jiƙo mai ɗaci ko filasko a sha a kore su. Mun girma muna ganin uwa ta matse yaro a cinya tana ɗura masa maganin zaƙi yana tsala ihu. Mai tallar shayi bai koya mana sabon karatu ba. Ya ɗauki abin da muka riga muka yarda da shi, ya sa masa kwali mai hoton ganye, ya ninka kuɗinsa.

Mu yi wa magabata adalci, sun gano rabin gaskiya. Sun lura cewa yawan zaƙi da yawan maiƙo suna kawo cuta, kuma likitan yau bai saɓa musu ba, sai dai ya raɗa wa cutar suna: ciwon sukari, hawan jini, kitse a hanta. Inda hanya ta rabu shi ne hoton da muke ɗauke da shi a zuciya. Muna kallon cikinmu kamar babbar kwatar nan da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Shara tana taruwa a hankali, leda kan leda, har ta toshe, sai a sa rana a yi gayya a yashe ta, ruwa ya wuce, kowa ya koma zuba shara da kwanciyar hankali. Wannan hoton shi ne jarin mai kwalba. Muddin mun yarda jiki kwata ne, dole mu yarda akwai ranar yasa, kuma akwai wanda za a biya ya yi ta.

Ba haka aka gina jikin ɗan Adam ba. Wanda ya halicce shi ya sa masa ma'aikatan tsafta da ba sa jiran gayya. Hanta, wadda nauyinta ya kai wajen kilo ɗaya da rabi a jikin babba, ta wurinta mafi yawan abin da hanji ya tsotsa yake fara bi. Tana warware magunguna da sinadarai, tana juya gubar da ke fita daga narkewar nama ta mai da ita abin da fitsari zai iya ɗauka, wasu kuma ta zuba su cikin ruwan maɗaciya su bi bayan gida. Ƙodoji biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Huhu yana fitar da nasa kaso da kowane numfashi. Aikin nan yana gudana muna barci, yana gudana muna cikin sahu a masallaci. In har guba ta taru a jini da gaske, to alama ce hanta ko ƙoda ta gaza, ko kuma an sha wani abu da ya fi ƙarfinsu, kuma mai wannan hali gadon asibiti yake bukata, jiƙo sai dai ya ƙarasa shi.

An ga yadda cire guba na haƙiƙa yake a Zamfara ta Najeriya a 2010, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400. Likitocin ƙungiyar MSF sun ɗebi jinin yaran, suka faɗi sunan gubar, suka auna yawanta, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar da ke cikin gidaje, aka ba yaran maganin da ke kama dalma ya fitar da ita, sannan aka sake auna jinin a ga ko ta ragu. Sai mu gwada wannan ma'aunin a kan mai jaka a trotro. Wace guba ce kwalbarka take fitarwa, mene ne sunanta, kuma da me za mu auna mu ga ta fita? Ba za a sami amsa ba. Ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro kalmar ba su da ita. A 2015 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Klein da Kiat, sun bi rubuce-rubucen da aka yi a kan tsare-tsaren abinci na ditoks, ba su sami gamsasshiyar hujjar cewa suna fitar da guba ko suna rage ƙiba mai ɗorewa ba.

To me ya sa wanda ya sha yake rantsuwa ya ga aiki? Domin ya ga aiki ɗin. Yawancin irin wannan shayi akwai dangin filasko a ciki, ko wani ganye mai sa yawan fitsari. Filasko yana tsikarar hanji ya tunkuɗo abin da ke ciki da ruwa mai yawa, mutum ya kwana yana zarya, da safe ya ji shi sakayau, ya ce datti ya fita. Abin da ya fita tuwon jiya ne, da ruwan jiki, da gishirin da zuciya ke bukata don ta buga daidai. In kuma an haɗa da barin abinci, jiki zai cinye ɗan guzurin sukarin da yake ajiyewa a hanta da tsoka, wanda kowane giram nasa yake riƙe da wajen giram uku na ruwa. Shi ya sa sikeli yake nuna an rage kilo biyu a mako, shi ya sa kuma kilo biyun suke dawowa kafin a gama wanke kwanukan biki na gaba. Wanda ya mai da filasko abokin kullum, wata rana zai tarar hanjinsa ya yi lalaci, ba ya motsi sai an zaburar da shi.

Da asarar ta tsaya a kuɗi da zaryar banɗaki, da mun yi dariya mun wuce. A farkon shekarun 1990 wani asibitin rage ƙiba a birnin Burasels na Beljiyam ya riƙa ba mata wasu ƙwayoyi na haɗin ganye. An yi kuskure wajen sayo ɗaya daga cikin itatuwan, aka kawo wani tsiro na dangin Aristolochia a madadinsa. Mata sama da ɗari suka sami ciwon ƙoda, da yawansu ƙodar ta mutu gaba ɗaya, wasu daga baya aka same su da sankarar mafitsara da magudanar fitsari. Lafiyarsu ƙalau kafin su je, siranta kawai suka je nema. Kuma dangin tsiron nan ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, domin duman dutse, wanda wasu ke ce wa maɗacin ƙasa, cikinsu yake. Ɗaci ba shaidar magani ba ne, ganye kuma ba shaidar aminci ba ne. Haka nan ƙwayoyin da ake matse koren shayi a cikinsu, an sha samun waɗanda suka ji wa hantarsu ciwo da su, alhali shayin kansa in an dafa an sha a kofi bai cika cutar da kowa ba.

A nan gida mun san inda irin wannan hanya take ɓullewa. A watan Satumba na 2023, lokacin da asibitin koyarwa na Korle Bu ya sanar da ɗaga kuɗin wankin ƙoda daga sidi 380 zuwa 765 a zama ɗaya, ƙasar nan ta ɗauki zafi har sai da aka dakatar da ƙarin. Mai wankin ƙoda yana bukatar zama biyu ko uku a kowane mako, har sai an yi masa dashe ko rai ya yi halinsa. Ko da gwamnati ta ɗauke kuɗin injin, akwai kuɗin mota, da allurar ƙarin jini, da sana'ar da aka bari. Mu da muke zaune a zango mun san yadda ake zagayawa da takardar neman taimako bayan sallar Juma'a. Ba muna cewa kowane mai ciwon ƙoda jiƙo ne ya kai shi ba. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kai mutane can. Amma a nan ne ma ɓarnar kwalba ta fi muni, domin sau da yawa mutum yakan ajiye ƙwayar hawan jininsa ya kama maganin da aka ce yana wanke jini daga tushe. Hawan jini ba ya ihu. Fiye da mutum ɗaya cikin kowane manya huɗu a Ghana yana ɗauke da shi, da yawa ba su ma sani ba, yana cin ƙoda a hankali kamar gara cikin azara.

Kada a ɗauka muna ƙin maganin gargajiya ne. Ghana tana cikin ƙasashen da suka girmama shi da gaske. Tun 1975 akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem, wadda Dakta Oku Ampofo ya assasa, kuma jami'ar KNUST ta Kumasi tana yaye masu digiri a fannin. A can ana auna ganye, a san yawan da za a sha, a san wanda bai kamata ya sha ba. Wannan daban yake da kwalbar da babu sunan mai haɗa ta, babu lambar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato FDA. Ko mai lambar ma, a karanta a ga don wace cuta aka yi masa rajista, domin bakin mai talla ya fi takardar rajista faɗi.

Mu dawo kan abin da ya fi kusa da mu, wato kwanon da ke gabanmu. In muna son hanta da ƙoda su huta, hanyar ita ce mu rage musu kaya, kuma kayan nan da cokali ake ɗora musu shi, safe da rana da dare. Abin mamaki, kusan duk abin da masana ke cewa a ci, yana cikin tukunyar zango tun asali. Ɗauki waakye. Ghana duka tana alfahari da shi, amma sunansa kalmarmu ce, wake, kuma har yau ko wanda bai taɓa taka masallaci ba in ya tsaya a layi Hajiya yake cewa ko Amariya. Asalinsa shinkafa ce da wake da karan dafi mai ba shi launi. Wake abinci ne mai gina jiki, ɓawonsa da zarensa suna sa hanji ya yi aikinsa ba tare da filasko ba, suna hana sukari hawa jini da gudu, suna riƙe ciki har azahar. Da a ce wani kamfani a Ingila ne ya ƙirƙiro shi ya zuba a kwali, da mun saye shi da tsada muna godiya.

Matsalar tana farawa ne bayan ludayin farko. A sa taliya. A sa gari da aka murza da mai. A sa soyayyen kelewele. A sa wele, ganda ke nan, wadda daɗin tauna kawai take da shi. A kwarara shito, a ɗebo miya daga sama inda mai ya kwanta ja wur. Kafin a naɗe ganye an tara sitaci huɗu a wuri guda da man da zai ishi gida guda, kuma mai ci zai je ya zauna a shago ko a bayan sitiyari har magariba. Mutanen da suka kafa Madina a 1959 ƙarƙashin Alhaji Seidu Kardo sun ci tuwo sun ƙoshi, amma sun share fili da hannu, sun ɗauko ruwa a ka, sun yi tafiya da ƙafa. Mu mun gaji girman lomarsu, mun ƙara mata abin da ba su sani ba, mun bar musu tafiyar. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna wajen rabin matan Ghana masu shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya haura ƙima. Sai biki ya matso, tela ya ce yadi bai isa ba, a ruga neman shayin kwana bakwai. An bar jaki ana dukan taiki.

Gyaran waakye ba ya bukatar a daina cin waakye. A zaɓi ɗaya tsakanin taliya da gari, ko a bar su duka. A nemi ƙwai ko kifi a madadin wele. A ce a ƙara kabeji da tumatir da albasa, a yanka fiya in lokacinta ne. A roƙi Hajiya ta nutsa ludayi ƙasa ta karkata shi mai ya tsiyaye. Kuɗin bai ƙaru ba, wataƙila ma ya ragu.

Haka koko, wanda Ghana ta laƙaba masa sunanmu take ce masa Hausa koko. Gero ne da aka jiƙa ya ɗan yi tsami, da citta da kanumfari da barkono. Babu abin zargi a cikinsa sai abin da ake zubawa daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce wajen giram 50, ƙaramin cokali 12 ke nan, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Mu ƙirga tsakaninmu da Allah. Na koko da safe, wanda da babban cokali ake zuba shi. Na burkina da rana, da madarar gwangwani mai kauri a kai. Gwangwanin lemo ɗaya, cokali takwas zuwa tara. Da dare kuma a zauna a bes ana hira, butar ataya tana zagayawa, na farko da na biyu da na uku, kowanne ya fi na gabansa zaƙi. Sobolo, zoɓon da bincike ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini, mun narka masa sukarin da ya cinye amfaninsa. A 2023 gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan lemuka masu zaƙi, amma haraji ba ya kai wa ga cokalin mai koko, wannan sai mu. Harshe kuwa yana sabo. Wanda ya rage rabi ya daure makonni kaɗan, in ya koma ɗanɗana irin na da sai ya ji ya gundure shi.

Tuwo zafi da miyar ayoyo, wato lalo, shi ma dukiya ce da muke rainawa. Ga kuka, ga kuɓewa, ga yakuwa, ga alayyahu, ga zogale, ga kontomire da muka koya wajen maƙwabtanmu, ga gauta da yalo. An ce mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kuma ranar Laraba a kasuwar Nima ko Asabar a kasuwar Madina duk suna nan jibge, da gwanda da kankana da lemon zaƙi da abarba. A ci su da haƙori, domin in an matse an zubar da tuƙa, an zubar da abin da hanji yake so an bar ruwan sukari. Amma miyar ganyen nan tamu ta sami kishiya. Iyayenmu daddawa suka sani. Mu muna jefa dunƙulen magi uku ko huɗu a tukunya, alhali wajen rabin kowane dunƙule gishiri ne, sannan mu ƙara gishirin kansa, mu jefa koobi ko momoni da aka jiƙe da gishiri. Abin da aka ce kada a wuce shi ne giram 5 a yini, bai kai ƙaramin cokali cikakke ba. Gishirin da ya yi yawa ƙoda ce take fama da shi, jijiyoyin jini su biya bashin. Mai son wanke jininsa, ga inda zai fara: ya mayar da daddawa, ya ƙara albasa da citta da tafarnuwa, ya rage dunƙule ɗaya bayan ɗaya har 'yan gida su daina lura.

Ba kuma duk abin da muka gada ne za mu rufe ido mu yaba ba. Kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, tana sa ayoyo ya yi yauƙi, amma ita ma dangin gishiri ce. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Da niyyar gyara jikin mai jego ake yi, don a kore mata sanyi a wanke mata ciki. Kyakkyawar niyya ba ta hana zuciya kumbura ba. Kuma ga mai ciwon ƙoda da aka riga aka tabbatar, ko ayaba da ruwan kwakwa da kontomire sai da shawarar likita, domin akwai gishirin da ke cikinsu da ƙodarsa ba ta iya fitarwa.

In guba muke tsoro da gaske, akwai wadda take da suna, kuma ta ƙofar kicin take shigowa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke jawo sankarar hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Ƙwayar da ta yanƙwane ko ta yi ɗaci a tsince ta a zubar, kada a niƙa ta cikin tunkuza don tsoron asara. A 2015 hukumar FDA ta kama manjan da aka rina da sinadarin Sudan IV a kasuwannin Ankara don ya yi ja ya ja hankalin mai saye. Ga man suyar da ake maimaitawa har ya yi baƙi. Ga ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da direbobi da 'yan dako da kayaye suke haɗiya kullum, waɗanda ke cin ƙoda sannu a hankali. Ga man shafawa na sauya launin fata, wanda a wasu ake samun zaiba. Ga ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a ƙasar nan, wanda gwajin jini ɗaya ke bayyana shi, kuma yana da rigakafi. Ko ɗaya cikin waɗannan babu wanda shayi yake fitarwa. Hana su shiga ake yi.

Wani zai ce ai muna da azumi, shi ne wankin cikin Musulmi. Azumi ibada ne, ladansa ba a sikeli ake auna shi ba, kuma bai kamata mu mai da shi tallar rage tumbi ba. Amma yana koya mana abin da mai kwalba ba ya so mu sani, cewa jiki yana samun sauƙi ne in an rage masa. Sai dai mu dubi tabarmar buɗa-baki a Nima ko Maamobi: ƙosai, pinkaso, masa, soyayyar doya, lemo mai sanyi, sannan a kawo abinci. Akwai waɗanda suke fita Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi. Hadisin nan na kasa ciki kashi uku kowa ya haddace shi tun makarantar allo, aiki da shi ne ya gagara.

Akwai uzurin da ya kamata a saurara da mutunci. Da yawanmu ɗaki ɗaya muke haya a gidan da ya tara iyali goma, babu kicin sai kurfoti a bakin ƙofa, babu firji, gas ya yi tsada, an fita tun asuba ba a dawowa sai isha. Mai irin wannan rayuwa abincin titi ne abincinsa, kuma wanda zai ce masa ya riƙa dafa ganye sau uku a rana bai san zango ba. Shi ya sa muke ganin gyaran yana hannun mutum biyu, mai saye da mai sayarwa. Hajiya ba maƙiyiyarmu ba ce. Tana zuba mai ne domin mun koya mata cewa miyar da ba ta ninƙaya cikin mai miyar rowa ce, in ta rage sai mu koma wajen maƙwabciyarta. Ranar da mutum goma a layi suka ce a rage, za ta rage, ribarta ma ta ƙaru. Kuɗin shayin kwana bakwai kuwa zai sayi wake da gwanda na kwanaki, ya bar canjin motar zuwa asibitin Maamobi ko na Kekele a Madina, inda za a ɗaura ma'auni a damtse a tsikari yatsa, cikin 'yan mintuna mutum ya san inda jininsa da sukarinsa suka tsaya.

Abin da ya fi wuya shi ne kunya. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, amaryar da ba ta yi kumatu ba sai a fara tambayar ko mijin yana ciyar da ita, baƙon da ya bar mai a kwano kuma a ce ya raina girki. Mun gwada da kanmu a layin waakye wata safiya. Muka gaishe ta, muka ce, "Hajiya, yau ban da taliya, ban da gari, miyar ma a ɗebo daga ƙasa." Ta tsaya da ludayi a sama, ta dube mu daga hula har takalmi, ta rage murya don kada na baya su ji, ta ce, "Ɗana, lafiya dai ko? In kuɗi ne ba su cika ba, ka ci, ka kawo gobe."